Tamostat mai haɗuwa da intanet: Yadda ake tantance wayoyin bango kafin a saya

A ƙasashen da hunturu ke tsanani, irin su Amurka da Kanada da Birtaniya, da wuya a shiga gida ba a ga wata ƙaramar na'ura manne a bangon falo ba. Ana kiranta tamostat. Aikinta shi ne ta auna zafin ɗaki, ta kunna na'urar ɗumama gida idan sanyi ya yi yawa, ta kuma kashe ta idan ɗumi ya kai inda mai gida ya tsayar. A gidajen da ke da na'urar sanyaya ɗakuna ta bai-ɗaya, ita ce ke ba da umarnin sanyayawa idan zafi ya shigo. Alƙaluman hukumar bayanan makamashi ta Amurka sun nuna cewa ɗumama gida da sanyaya shi ne ke cinye kusan rabin makamashin da gidajen ƙasar ke amfani da shi, don haka wannan 'yar na'ura tana da hannu sosai a kuɗin wuta da na gas da iyali ke biya.

Cikin shekarun baya-bayan nan an samu sabon samfuri mai haɗuwa da intanet, wanda ake sarrafawa ta manhajar wayar hannu, yake kuma rage ɗumi da kansa idan ya lura babu kowa a gida. Kamfanin ecobee na birnin Toronto ya fitar da nasa a 2008. Kamfanin Nest, wanda Tony Fadell da Matt Rogers suka kafa a 2010 bayan sun bar Apple, ya biyo baya a 2011, Google kuma ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 3.2. Amazon ya shigo kasuwar a 2021. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa irin waɗannan na'urori suna rage kimanin kashi 8 cikin 100 na kuɗin ɗumamawa da sanyayawa.

Kamfanonin suna tallata cewa mai gida zai iya ɗaura na'urar da hannunsa, kuma haka abin yake a gidaje da yawa. Sai dai hukuncin ko za ta yi aiki yana ga wayoyin lantarkin da ke ɓoye a bayan tsohuwar tamostat. Wanda ya haɗa su ba bisa ƙa'ida ba yana iya ƙona sabuwar na'urar, ko ya kashe allon sarrafa tanderun ɗumama gidansa a tsakiyar hunturu, lokacin da ruwa ke daskarewa a cikin bututu har ya fasa shi. Tambayoyi uku ne ke warware batun, kuma ana iya amsa su kafin a kashe ko kwabo: nawa ne ƙarfin wutar da ke cikin wayoyin, wane harafi ke rubuce a gurbin kowace waya, sannan akwai wayar da ake kira C ko babu?

Abin da tamostat take yi a zahiri

Asalin tamostat makunni ne kawai. Warren Johnson, wani malamin makaranta a jihar Wisconsin, ya yi rajistar ta lantarki a 1883, kuma daga ƙirƙirarsa kamfanin Johnson Controls ya samo asali. A 1953 kamfanin Honeywell ya fitar da samfurinsa mai siffar faifai, wanda Henry Dreyfuss ya zana, ya kuma shiga miliyoyin gidajen Amurka. A cikinsa akwai naɗaɗɗen ƙarfe da ke motsi idan zafi ya sauya, da 'yar kwalba mai ɗauke da zaiba. Idan ƙarfen ya karkata kwalbar, zaibar ta gangaro ta haɗa bakin waya biyu, tanderu ya tashi. Na'urar ba ta cin wuta ko kaɗan, wucewa kawai wutar take yi ta cikinta.

A tsarin da ya fi yawa a Amurka da Kanada, wutar gida tana zuwa da ƙarfin bolt 120 ko 240. A jikin tanderun, wanda galibi yake ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko saman silin, akwai ƙaramar taransifoma da ke rage wutar zuwa bolt 24. Wannan ƙaramar wuta ce ke hawa bango ta waya guda, ta tarar da tamostat, sannan tamostat ta mayar da ita ta wata wayar dabam gwargwadon abin da ake buƙata. Idan ta mayar ta wayar ɗumamawa, tanderu ya kama. Idan ta mayar ta wayar sanyayawa, kwampireson da ke wajen gida ya tashi. Idan ta wayar fanka ce, iska ta fara zagayawa. Taransifomar ba ta da wani ƙarfi mai yawa, abin da mafi yawansu ke iya ɗauka bai kai amfiya biyu ba, shi ya sa ake sa mata fiyus na amfiya 3 ko 5 a kan allon sarrafawa, irin wanda ake sa wa mota. Da zarar waya mai kawo wuta ta taɓa mai mayar da ita kai tsaye, fiyus ɗin ya tsinke. A tsofaffin tanderun da ba su da fiyus, taransifomar ce ke ƙonewa.

Tambaya ta farko: ƙarfin wuta

Nest da ecobee da Amazon da mafi yawan samfuran Honeywell da ake sayarwa a Amurka an ƙera su ne don bolt 24. Alamar wannan tsari ita ce siraran wayoyi na jan ƙarfe, kowace da launinta, daga biyu zuwa takwas ko fiye, suna fitowa daga rami guda a bango, kowace tana shiga gurbi mai harafi.

Akwai tsari na biyu mai haɗari, wato wanda tamostat ke yanke wutar gida gaba ɗayanta. Ana samun sa inda ake ɗumama ɗaki da hitar lantarki da ake shimfiɗawa a gindin bango, abin da ya yawaita a lardin Kebek na Kanada saboda arhar wutar da ake samu daga madatsun ruwa. Alamominsa a bayyane suke: wayoyi masu kauri guda biyu ko huɗu, yawanci baƙaƙe ko jajaye, an murɗe su da na bango an rufe da hular roba, suna cikin akwatin ƙarfe ko na roba irin na soket. Sau da yawa akan ga an rubuta 120 VAC ko 240 VAC ko L1 da L2 a jikin na'urar, tare da gargaɗin haɗari. Tamostat ta bolt 24 da aka haɗa da irin wannan waya takan ƙone nan take, tana iya tayar da gobara, wutar kuma tana iya hallaka mai taɓa ta. Irin wannan gida yana buƙatar samfurin da aka yi dominsa, kamar na kamfanonin Mysa da Sinopé na Kanada, kuma aikin na ƙwararren mai gyaran wuta ne.

Tsari na uku shi ne mai raunin wuta ƙwarai. Wasu murhunan gas na falo da hitocin jikin bango ba sa jan wutar gida sam. Ɗan harshen wutar da ke ci dare da rana a cikinsu yana gasa wani ƙarfe da ke samar da wutar da ba ta kai bolt ɗaya ba, kimanin kashi uku cikin huɗu na bolt. Wayoyinsu sirara ne guda biyu, don haka mai kallo zai iya ɗauka na bolt 24 ne. Wutar ta isa ta buɗe bawul ɗin gas, amma ba za ta iya riƙe na'ura mai fuskar haske da Wi-Fi ba, sai an ƙara taransifoma da wani makunni na tsakiya da zai raba wutar biyu.

Tambaya ta biyu: haruffan gurabe

Idan an tabbatar tsarin na bolt 24 ne, sai a koma ga haruffa. Babu dokar da ta tilasta su, amma masana'antar ta daɗe tana bin al'ada guda.

Gurbin R shi ne mai kawo wuta daga taransifoma, wayarsa galibi ja ce. Wani lokaci akan ga Rh da Rc. Na farko na ɓangaren ɗumamawa ne, na biyu na sanyayawa. A gidan da taransifoma ɗaya ke hidimar duka biyun, akan tarar da waya guda a ɗayansu da ɗan guntun ƙarfe ko gajeriyar waya da ta haɗa guraben biyu. Wannan guntu ba ya cikin lissafi, domin ba daga bango ya fito ba, kuma samfuran Nest ba sa buƙatarsa. Idan kuwa kowane gurbi yana da wayarsa daga bango, gidan taransifoma biyu gare shi, kuma ba a haɗa wayoyin nan wuri guda.

Gurbin W na ɗumamawa ne, wayarsa fara. Y na kwampireso ne, wayarsa rawaya. G na fanka ne, wayarsa koriya. Inda aka ga W2 ko Y2, na'urar gidan tana da mataki biyu, wato tana fara aiki da ƙaramin ƙarfi, sai ta ƙara idan bai wadatar ba. Dole sabuwar tamostat ta kasance tana da guraben da za su karɓi waɗannan wayoyi, in ba haka ba mataki na biyu ya tashi a banza. Gurbin O ko B na famfon zafi ne, wanda bayaninsa ke tafe. C kuma shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma taransifoma, wayarsa kan zama shuɗiya ko baƙa.

Launukan nan al'ada ce kawai. Ma'aikacin da ya ja wayar shekaru talatin da suka wuce ya yi amfani ne da abin da ke cikin jakarsa, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da shuɗiyar waya a gurbin Y ko koriya a gurbin C. Wanda ya dogara da launi yana iya yi wa rogo kallon kitse. Abin dogaro shi ne harafin gurbin da wayar take ciki, kuma mafi inganci a je jikin tanderun a duba inda ɗaya bakin wayar ya shiga, domin can ne ainihin aikinta yake bayyana.

Ko haruffan ma suna da tarkonsu. Wasu samfuran Honeywell suna da layin haruffa biyu a kan gurabe guda, ɗaya na tanderu na yau da kullum, ɗaya na famfon zafi, ta yadda gurbi ɗaya zai zama W a wannan layi, ya zama O/B a wancan. Sai an san irin na'urar da gidan ke da ita kafin a san layin da za a karanta. Haka nan a wasu tsofaffin samfuran Trane da American Standard, harafin B yana nufin C ne, wasu kamfanonin kuma sun yi amfani da X a madadinsa. Wanda ya ɗauki irin wannan waya ya sa ta a gurbin O/B na sabuwar na'ura, zai haɗa R da C kai tsaye a duk lokacin da gurbin ya kunna, fiyus kuma ya tsinke.

Tambaya ta uku: wayar C

A nan ne mafi yawan masu saye ke cin karo da cikas. Tsohuwar tamostat ba ta cin wuta, ko kuma ƙananan batura biyu sun ishe ta shekara guda, don haka magina ba su ga dalilin ja mata wayar komawa ba. Ta zamani kuwa ƙaramar kwamfuta ce mai fuskar haske da rediyon Wi-Fi da ba ya barci. Tana buƙatar wuta kowane lokaci, wuta kuma ba ta gudana sai da hanyar zuwa da ta komawa. R ce hanyar zuwa, C ce ta komawa.

Nest ya yi suna ne da dabarar aiki ba tare da C ba a gidaje da yawa. Na'urar tana da batir a cikinta, tana kuma cika shi ta hanyar barin 'yar wuta kaɗan ta zurara ta wayar Y ko W a lokacin da tsarin yake kashe, kaɗan ɗin da bai isa ya tayar da tanderu ba. Dabarar tana da rauni biyu. Wasu allunan sarrafawa na zamani suna jin ko da wannan 'yar wutar, sai su ɗauka umarni ne, tanderu ya riƙa kamawa yana mutuwa, ko a ji ƙaras-ƙaras a jikinsa, ko fanka ta ƙi tsayawa. Na biyu kuma, a gidan da ɗumamawa kaɗai ake yi, lokacin da tanderu ke ci babu ƙaƙƙautawa saboda tsananin sanyi shi ne lokacin da batir ke samun ƙarancin damar cika. Idan ya yi ƙasa, na'urar takan fara yanke Wi-Fi don tsimi, daga baya fuskarta ta mutu, ɗumi kuma ya tsaya a daren da aka fi buƙatarsa. Wannan ne ya sa ecobee da Amazon suka wajabta C ko abin da zai maye gurbinta.

Idan gurbin C na tsohuwar tamostat babu kowa a ciki, akwai hanyoyi biyar da ake bi. Ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce a leƙa cikin ramin bango. Kebul ɗin da ake ja galibi yana ɗauke da waya biyar ko fiye, kuma ma'aikata sukan naɗe wadda ba su yi amfani da ita ba su tura ta ciki. Idan an same ta, sai a feƙe bakinta biyu, a sa ɗaya a gurbin C na allon tanderu, ɗayan a C na sabuwar na'ura.

Ta biyu ita ce 'yar na'urar ƙari da ake haɗawa a jikin tanderu. Wadda ecobee ke sakawa a kwalin yawancin samfuransa tana sa waya huɗu, wato R da Y da G da W, su yi aikin biyar. Google yana sayar da tasa, kamfanin Venstar ma yana da irinta.

Ta uku ita ce a karɓe wayar G a mayar da ita C a bakin biyu, sannan a haɗa Y da G da guntuwar waya a allon tanderu domin fanka ta riƙa tashi tare da kwampireso. Abin da aka rasa shi ne ikon kunna fanka ita kaɗai. Wannan hanya ta dace da tanderun gas, wanda ke kunna fankarsa da kansa idan ya yi zafi. Ba ta dace da hitar lantarki ko famfon zafi ba, inda tamostat ce ke umartar fanka lokacin ɗumamawa.

Ta huɗu ita ce taransifomar bolt 24 da ake soka wa a soket kusa da tamostat, hanyar da akan bi a gidajen da waya biyu kacal gare su, R da W. Ta biyar kuma, wadda ta fi tsada amma ta kashe maganar baki ɗaya, ita ce a ja sabon kebul mai waya takwas daga tanderu zuwa bango. A gidan da ke da taransifoma biyu, galibi daga ɓangaren sanyayawa ake ɗauko C, domin ta yi daidai da wayar Rc.

Famfon zafi da bawul ɗinsa

Famfon zafi na'urar sanyaya ɗaki ce da ke iya juya aikinta. Da zafi tana kwashe zafin cikin gida ta zubar waje, da hunturu kuma ta jawo ɗumin iskar waje ta shigo da shi ciki. Abin da ke juya ta wani bawul ne da wayar O ko B ke sarrafawa. Yawancin kamfanoni suna ba bawul ɗin wuta lokacin sanyayawa, wannan shi ne O. Rheem da Ruud suna ba shi wuta lokacin ɗumamawa, wannan shi ne B. Sababbin tamostat suna da gurbi ɗaya mai suna O/B, sai a zaɓi wanda ya dace a cikin saitinsu. Idan an yi kuskuren zaɓi, gidan zai busa sanyi lokacin da aka nemi ɗumi, kuma gyaran bai wuce sauya saitin ba.

Mafi tsada shi ne kuskuren wayar ɗumin agaji, wadda ake rubuta wa Aux ko E ko W2. Ita ce ke kunna hitar lantarki da ke taimaka wa famfon idan sanyin waje ya fi ƙarfinsa, hitar kuma tana cin wuta ninki biyu zuwa uku na abin da famfon ke ci don samar da ɗumi iri ɗaya. Idan aka gaya wa tamostat cewa gidan tanderu ne na yau da kullum alhali famfon zafi ne, tana iya riƙa ɗumama gidan da hitar agaji kaɗai. Ɗaki zai yi ɗumi, ba wanda zai lura da komai, sai takardar kuɗin wuta ta iso. A gidajen da suka haɗa famfon zafi da tanderun gas, dole a sanar da tamostat hakan domin kada ta kunna su tare, aikin da kamfanonin kansu ke ba da shawarar a bar wa ƙwararre.

Tsarin da ke magana da harshensa

Wasu na'urori masu tsada sun bar tsarin haruffan nan gaba ɗaya. Carrier Infinity da Lennox iComfort da Trane ComfortLink suna aika saƙonni irin na kwamfuta tsakanin tamostat da tanderu da kwampireso, ta yadda injin zai riƙa ƙara gudu ko ragewa a hankali. Alamarsu ita ce waya huɗu ko ƙasa da haka a gurabe masu haruffan A, B, C, D, ko lambobi 1 da 2 tare da R da C. Kowane kamfani da nasa harshen, kuma tamostat ta wani kamfani ba ta jin sa. Wasu daga cikin injinan suna da guraben gargajiya a allonsu da ƙwararre zai iya komawa kansu, amma yin hakan yakan zubar da sassaucin gudun da aka biya kuɗi dominsa.

Yadda ake binciken

Ana farawa da kashe wutar tanderu da ta na'urar sanyayawa daga akwatin rarraba wutar gida. Mutuwar fuskar tamostat ba hujja ba ce, domin mai batir za ta ci gaba da haske. Tabbacin shi ne a ɗaga ma'aunin zafi a jira 'yan mintuna a ga babu abin da ya tashi.

Daga nan sai a cire murfin, a ɗauki hoton wayoyin yadda haruffa za su fito sarai, kafin a kwance ko ɗaya. A manna wa kowace waya takarda mai harafin gurbinta, a kuma naɗe su a jikin fensir don kada su zame cikin bango. Sai a je wurin tanderu a buɗe ƙofarsa, a ɗauki hoton guraben allon, a gwada da na bango. Google da ecobee da sauran kamfanoni suna da manhajar tantancewa, inda ake shigar da haruffan da aka gani ta faɗi ko samfurin zai yi. Amsarta tana daidai ne gwargwadon daidaiton haruffan da aka ba ta.

Mai mitar gwajin wuta zai iya tabbatar da C bayan an mayar da wuta: tsakanin R da C ya kamata mita ta nuna bolt 24 zuwa 28 ko kusa da haka. Idan ta nuna sifili, a fara duba ƙofar tanderu, domin tana da makunnin tsaro da ke yanke wuta idan ba a rufe ta da kyau ba. Bayan ita sai fiyus, sai kuma makunnin da ke yanke wuta idan ruwan da na'urar sanyayawa ke tarawa ya cika tirensa.

Bayan an ɗaura, a gwada ɗumamawa da sanyayawa da fanka ɗaya bayan ɗaya. Kwampireso yakan yi jinkirin kimanin minti biyar kafin ya tashi, kariya ce da aka gina da gangan. Littattafan Honeywell suna gargaɗin kada a kunna sanyayawa idan zafin waje bai kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyos ba, domin hakan na iya lalata kwampireso.

Tsohuwar tamostat mai kwalbar zaiba ba ta shiga kwandon shara. Kowace kwalba tana ɗauke da kimanin giram 3 na wannan guba, kuma tun 1998 masu ƙera na'urorin a Amurka suka kafa Thermostat Recycling Corporation don karɓar su ta hannun shagunan kayan ɗumama gida.

Birtaniya da Turai

Duk haruffan da aka ambata na Amurka da Kanada ne. A Birtaniya da yawancin Turai, tukunyar gas ce ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa ɗakuna, kuma tsohuwar tamostat ta bango sau da yawa tana ɗauke da cikakkiyar wutar gida ta bolt 230, ko da wayoyinta ba su da kauri sosai. Saboda haka samfuran da ake sayarwa a can, irin su Hive na kamfanin British Gas da tado° na birnin Munich a Jamus, yawanci gida biyu ne: akwatin da ake haɗawa da tukunyar, da tamostat da ke magana da shi ta iska. Abin dubawa a nan shi ne ko tukunyar mai dafa ruwan wanka nan take ce, ko kuwa gidan yana da tankin ruwan zafi, domin mai tanki yana buƙatar akwati mai tasha biyu.

Akwai kuma ƙa'idar sadarwa mai suna OpenTherm, wadda ta samo asali daga Honeywell, wata ƙungiyar masana'antu kuma ke kula da ita tun 1996. Da ita tamostat ke iya gaya wa tukunya ta rage harshen wuta maimakon kashewa da kunnawa. Gurabenta na ƙaramar wuta ne, kuma shigar da bolt 230 cikinsu yana ƙona allon tukunyar. A Birtaniya, idan isa ga guraben yana buƙatar cire murfin da ke toshe ɗakin ƙonewar gas, aikin na ma'aikaci ne mai rajista da Gas Safe.

Mai sayowa daga waje

A Nijeriya da Nijar, na'urar sanyaya ɗaki da aka fi sani ita ce mai gida biyu, ɗaya a bangon ɗaki ɗaya a waje, wadda ake sarrafawa da rimot. Ma'aunin zafinta yana cikin jikinta, ba ta da gurbin R ko Y ko C, wutar ƙasashen kuma bolt 220 zuwa 230 ce. Tamostat da aka sayo daga Amurka ba ta da inda za ta shiga a irin wannan na'ura. Abin da ke yi mata aiki shi ne 'yar na'urar da ke kwaikwayon hasken rimot tana kuma haɗe da intanet, irin ta Sensibo, wadda ba a kwance mata waya ko ɗaya.

Bayan wayoyi

Dacewar waya ba ta ba da tabbacin dawwamar manhaja. A watan Afrilun 2025 Google ya sanar cewa daga 25 ga Oktoban shekarar zai daina tallafa wa samfuran Nest na farko da na biyu, waɗanda suka fito a 2011 da 2012, da na Turai na 2014, ya kuma ce ba zai sake fitar da sabuwar tamostat a Turai ba saboda bambancin tsarin ɗumama gidajen nahiyar. Na'urorin suna ci gaba da kunna tanderu da kashe shi idan an juya su da hannu, amma sun rabu da manhajar wayar hannu. Tanderu yakan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin yana aiki, kebul ɗin bango kuma ya fi haka daɗewa, don haka mai gida zai iya sauya tamostat sau biyu ko uku a kan wayoyi guda. Hoton guraben da aka ɗauka ranar farko, da wayar C da aka ja yadda ya kamata, za su yi amfani a kowane sauyi. Ma'aikata da yawa suna ba da shawarar a buga hoton a manna shi a jikin ƙofar tanderu, tare da ajiye fiyus na amfiya 3 ko 5 guda ɗaya a kusa.